Amfilifaya Mai Kwalba da Muryar Jitar Lantarki

Dattawan da suka yi zamani da akwatin rediyo na shekarun 1950 ba su manta da halinsa ba. In an murɗa makunninsa ba ya magana nan take. Sai ya yi shiru na ɗan lokaci, wasu 'yan kwalabe da ke cikinsa su yi ja kamar garwashi, sa'an nan murya ta taso a hankali, tamkar ta mutumin da aka tasa daga barci. Waɗannan kwalabe su ne masu gyaran rediyo ke kira bawul, sunan da aka aro daga bakin Turawan Ingila. Tun a shekarun 1960 da 1970 tiransisto ya kore su daga rediyo da talabijin da kwamfuta, domin ya fi su ƙanƙanta da araha da ƙarko, ba ya kuma cin wuta kamarsu. Amma akwai wata sana'a da har yau ba ta rabu da kwalba ba, watau sana'ar makaɗan jitar lantarki. Makaɗi yakan zuba kuɗi masu yawa ya sayi amfilifaya mai nauyi, mai zafi, mai yawan laulayi, wadda aka ƙera bisa tsarin shekarar 1959, alhali ga ta zamani nan a kasuwa da arha. Ba son tsohon yayi kaɗai ke sa shi ba, ko da yake akwai wannan a ciki. Babban dalili yana ga abin da kwalba ke yi idan aka ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta.

Ƙwaryar jita

Goge yana da ƙwarya da fata, haka garaya da molo suna da ƙoƙon da ke karɓar girgizar tsirkiya ya mayar da ita amo. Jitar lantarki kuwa, irin wadda kamfanonin Fender da Gibson suka yaɗa tun farkon shekarun 1950, guntun katako ce kawai ba rami a cikinta. In an kaɗa ta ba wuta, wanda ke bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji. Abin da take da shi shi ne maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe, an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Duk sa'ad da tsirkiya ta girgiza sai wata 'yar wuta ta motsa a cikin wayar, wadda galibi ba ta kai bolt 1 ba. Wannan 'yar wuta ita ake kai wa amfilifaya ta raine ta har ta iya motsa lasifika. Ashe ke nan amfilifaya ita ce ƙwaryar jitar lantarki. Ba rakiya take yi wa kayan kiɗan ba, rabinsa ce.

Tun farko ba wani abu aka nema ba illa ƙarfin murya. A ƙungiyoyin kiɗan jaz na Amurka ƙahonni da ganguna suna danne jita, ba mai jin ta. A shekarar 1932 George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da jita mai maganaɗisu a birnin Los Angeles, kuma a shekarar 1939 wani saurayi Baƙar fata mai suna Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman, ya nuna cewa jita ma tana iya jan baki kamar kowane ƙaho. A lokacin ba wata hanyar ƙara murya sai kwalba, domin tiransisto bai zo duniya ba sai a ƙarshen shekarar 1947.

Ita kwalbar, an zuƙe iskar cikinta sarai, aka shirya abubuwa uku a ciki. Akwai wani ɗan bututun ƙarfe a tsakiya wanda ake gasawa da wuta mai bolt 6.3 har ya yi ja ya riƙa fitar da ƙwayoyin lantarki. Jiran gasuwarsa ne shirun nan na tsohon rediyo. Akwai farantin ƙarfe kewaye da shi wanda ake ɗora wa wuta mai ƙarfi, daga bolt 300 har zuwa 500, yana janyo ƙwayoyin nan gare shi. Tsakaninsu kuma akwai wata 'yar raga ta siririyar waya, a kanta ake sa 'yar wutar da ta fito daga jita. Aikin ragar kamar na mai ban-ruwa ne a lambu: da ɗan motsin fartanya yake buɗe bakin kwari ko ya toshe shi, ruwa mai yawa ya bi umurninsa. John Ambrose Fleming ne ya ƙera kwalba ta farko a Ingila a shekarar 1904, amma ba ta da raga. Lee de Forest na Amurka ya ƙara ragar a 1906, kuma daga nan ne ƙara murya da lantarki ya samo asali.

A cikin amfilifayar jita, ƙananan kwalabe irin su 12AX7 ne ke fara karɓar sauti su riɓanya shi, sa'an nan su miƙa wa manya, irin su 6L6 ko 6V6 na Amurka, ko EL34 da EL84 na Turai. Manyan galibi bibbiyu suke aiki, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Daga gare su sai taransifoma, wadda ke mayar da wutar daidai da abin da lasifika za ta iya ɗauka. Taransifomomin nan, masu cike da ƙarfe da waya, su ne asalin nauyin akwatin.

Aibin da aka so

Burin injiniya shi ne amfilifaya ta zama amintaccen ɗan aike, ta isar da abin da aka ba ta ba ragi ba ƙari. Duk wani gurɓata da ya shiga murya aibi ne a wurinsa, kuma yana da ma'aunin da yake auna shi domin ya rage shi. To, amma kowace amfilifaya tana da iyaka. In aka matsa mata fiye da ƙarfin wutar da take da ita, sai ta kasa kai sauti ƙololuwarsa, ta datse kansa. A nan ne halin kwalba ya bambanta. Amfilifayar tiransisto ta zamanin farko tana tafiya tsaf har ta kai iyakarta, sa'an nan ta datse sauti farat ɗaya, a ji ƙara mai kaushi kamar ana yaga sabon ƙyalle. Kwalba kuwa sannu a hankali take gazawa. Kafin ta kai iyaka takan fara lanƙwasa kan sautin, ta haifa masa wasu ƙananan amo a samansa waɗanda suka dace da shi, sai murya ta yi kauri, ta yi ɗan gurnani, ta kuma daɗe tana jan numfashi bayan an saki tsirkiya. Wani injiniyan ɗaukar faifai mai suna Russell Hamm ya buga bincike a kan wannan bambanci a shekarar 1973, ya nuna cewa yana bayyana ne musamman a lokacin da aka ƙure na'ura.

Amfanin wannan ga makaɗi ba ƙarami ba ne. In ya tsayar da amfilifaya daidai gaɓar da take shirin gazawa, sai ragamar ta koma yatsunsa. Ya taɓa tsirkiya a hankali, murya ta fito garau. Ya fizge ta da ƙarfi, ta yi ruri. Ya sassauta, ta koma garau, duk ba tare da ya taɓa akwatin ba. A tsofaffin amfilifayoyi ma, inda wata kwalba ce ke tace wutar da sauran ke sha, in an buga da ƙarfi wutar takan ɗan faɗi na ƙiftawar ido kafin ta dawo, sai amon ya lotsa sa'an nan ya kumbura. Makaɗa sukan ce akwatin yana numfashi. Sai dai masu yabon kwalba sukan wuce gona da iri, su jingina mata komai. Gaskiyar magana, taransifoma da tsarin haɗa wayoyi suna da nasu rabon, balle lasifika, wadda takardarta ba ta iya fitar da amo mai tsinin gaske, sai ta zama kamar rariya tana tace kaushin da kwalba ta haifar.

Makaɗa sun gano daɗin wannan aibi tun kafin masu ƙira su yarda da shi. 'Yan kiɗan buluz na Memfis da Shikago, masu ƙananan amfilifayoyi a cikin gidajen rawa masu hayaniya, ba su da zaɓi sai su murɗe murya har ƙarshe, kuma kunnen jama'a ya saba da abin da ya fito. A shekarar 1951 amfilifayar Willie Kizart, makaɗin jita na ƙungiyar Ike Turner, ta lalace a hanyarsu ta zuwa Memfis ɗaukar faifai. Aka cusa takarda a cikin akwatin domin tallafar lasifikar, Sam Phillips mai ɗakin ɗaukar ya ji zuzar ta yi masa, aka ɗauki waƙar "Rocket 88" a haka. Daga baya sai aka koma yin ɓarnar da gangan. Link Wray ya huda lasifikarsa da fensir a 1958, Dave Davies na ƙungiyar The Kinks kuma ya tsaga tasa da reza a 1964. Wanda ya san kiɗan garaya ba zai yi mamakin wannan ba. Ai da gangan ake liƙa akayau a kan garaya domin kowane bugu ya zo da kacau-kacau, da gangan kuma ake gitta 'yar tsirkiya a kan fatar ganga domin ta riƙa zuza. Amo mai tsabta tsantsa ba kowane kunne yake ƙosarwa ba, kuma masu kiɗan buluz jikokin Afirka ne.

Akwatin da ya ɓata hanya

In ana maganar amfilifaya mai tsarin da, sunan da ke fara zuwa shi ne Bassman ta kamfanin Fender. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, bai kuma iya kaɗa jita ba har ya rasu a 1991. Abin da ya iya shi ne sauraron koken makaɗa da ƙera abin da ke da sauƙin gyara. A 1951 ya fito da jita mai kaurin murya, watau bes, a 1952 kuma ya yi mata amfilifaya, shi ya sa sunanta Bassman. Ya yi ta sauya mata tsari har zuwa samfurin 5F6-A na shekarun 1958 zuwa 1960: kwalabe 6, lasifika 4 masu faɗin inci 10, ƙarfi wajen wat 45, an rufe akwatin da wani yadi mai ruwan ƙasa irin na akwatin tafiya, lambobin murɗa murya kuma sun kai 12.

Ga 'yan bes ba ta yi wani abin kirki ba, domin bayan akwatin a buɗe yake, kaurin murya yana zurarewa. Amma da masu jita ta yau da kullum suka soka wayarsu a cikinta, irin su Buddy Guy na Shikago, sai aka ga an dace. An haƙa rijiya domin wani, wani daban ya sha.

A Ingila kuwa kayan Amurka suna da tsada ƙwarai. Jim Marshall, makaɗin ganga mai kantin kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta yammacin Landan, ya ji samari suna ta kukan rashin amfilifaya mai ƙarfi. A 1962 shi da Ken Bran da Dudley Craven suka buɗe Bassman suka kwaikwayi tsarinta kusan waya da waya, suka fito da JTM45. Da yake kayan da suka samu a Ingila ba irin na Amurka ba ne, taransifoma daban, kwalbar farko daban, lasifika ta Celestion mai inci 12 a cikin rufaffen akwati, sai muryar ta fito da wata irin fitina da uwar ba ta da ita. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya nemi a ƙara ƙarfi, aka yi mai wat 100 a 1965. A 1966 Eric Clapton ya shiga ɗakin ɗaukar faifai tare da John Mayall, ya ƙi rage muryar Marshall ɗinsa, kuma a ƙarshen shekarar Jimi Hendrix ya iso Landan ya rungumi irinta. Kusan duk muryar kiɗan rok mai nauyi daga wannan reshe ta tsiro. A gefe guda kuma akwai Vox AC30 ta garin Dartford, mai kwalaben EL84 guda 4 da murya mai ƙararrawa, wadda The Beatles suka yi tashe da ita.

Da tsofaffin akwatunan suka yi wuya suka yi tsada, kamfanoni suka tuna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Fender ta sake fito da Bassman ta 1959 a shekarar 1990, ta bi ta da Deluxe Reverb ta 1965 a shekarar 1993. Kamfanin Peavey na jihar Misisipi shi ma ya yi nasa jerin mai suna Classic, da yadi irin na da. Da yawa daga cikin masu amfilifaya mai kwalba a yau irin waɗannan sababbi masu kamar tsofaffi suke riƙe da su.

Wahalar riƙo

Kuskuren farko da sabon shiga ke yi shi ne sayen wadda ta fi ƙarfin ɗakinsa. Kunnen ɗan Adam ba ya lissafi irin na kasuwa. Kafin a ji murya ta ninka sau biyu, sai an ninka wat kusan sau 10. Watau mai wat 50 ninki biyu kawai ta yi wa mai wat 5 a kunne. Tun da daɗin kwalba ba ya fitowa sai an ƙure ta, wanda ya kai Bassman ɗakin kwanansa zai tarar maƙwabta sun yi sallama tun bai kai lamba 4 ba, gurnanin da ya biya kuɗi dominsa kuwa yana can gaba. Shi ya sa ƙanana irin su Champ mai wat 5 da Deluxe Reverb mai wat 22 suka fi farin jini a ɗakunan ɗaukar faifai. A shekarun 1970 masu ƙira suka ƙara maɓalli na biyu, domin a ƙure ƙananan kwalabe a kuma rage ƙarar da ke fita. Ya taimaka, amma gurnanin ƙananan kwalabe siriri ne, bai kai na manya cika ba. Batun ƙara kuma ba na maƙwabta kaɗai ba ne: Pete Townshend, wanda ya nemi wat 100, ya daɗe yana fama da lalacewar ji.

Sa'an nan kwalba abu ce mai tsufa. Ƙananan sukan yi shekaru, amma manyan suna gajiya gwargwadon aiki, murya ta dushe, ko fis ya riƙa ƙonewa. Ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. Sai a sami biyu da aka auna suka yi daidai, domin lugude ba ya daɗi in taɓarya ɗaya ta fi ɗaya nauyi. A yawancin manyan amfilifayoyi kuma sai mai gyara ya daidaita yawan wutar da sababbin za su riƙa sha a zaune. In ta yi yawa, faranti ya yi ja, kwalba ta mutu da wuri. In ta yi kaɗan, murya ta bushe. Akan bar akwati ya yi ɗumi kamar minti 1 kafin a fara kiɗa, a bar shi ya huce kafin a ɗauka, ba a kuma jingina bayansa da bango. Doka mafi tsanani ita ce kada a kunna shi ba lasifika a haɗe, ko da lasifikar da ba ta dace da ma'auninsa ba, domin taransifoma na iya ƙonewa, ita ce kuwa mafi tsada a cikin kayan. Wanda ya sayo akwatin da aka yi domin kasuwar Amurka, inda wutar gida take bolt 120, ya soka shi kai tsaye a ƙasar da wutarta ta kai 220 ko 230, kamar Nijeriya da Nijar da Ingila, ya gama da shi a daƙiƙa guda. Wutar janareta mai hawa da sauka ita ma ba ƙawar kwalba ba ce.

Akwai kuma abin da ya wuce asarar kuɗi. A cikin akwatin akwai manyan kwandansa masu ajiye wuta, kuma suna iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an kashe an zare waya daga bango. Wanda bai koyi aikin ba, ba shi da dalilin kwance bayan akwati ya sa hannu. Tsofaffin na shekarun 1950 da 1960 an yi su ne da filogi mai ƙafa biyu, ba wayar da ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa, tsirkiyoyin jita kuwa a haɗe suke da jikin amfilifaya. In wani abu ya lalace a ciki, makaɗi ne hanyar da wuta za ta bi. A 1972 Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a gaban 'yan kallo a Swansea da ya taɓa makirfon da wuta ta hau, a 1976 kuma Keith Relf, tsohon mawaƙin The Yardbirds, ya mutu a gidansa yana kaɗa jitar da ba a haɗa kayanta da ƙasa daidai ba. Masu tara kayan tarihi sukan ƙi a taɓa ko waya ɗaya a tsohon akwati don kada darajarsa ta faɗi. Ga akwatin da za a ajiye a kalla, wannan magana ce; ga wanda za a kaɗa, sauya filogi da tsofaffin kwandansa shi ne aiki na farko.

Daga ina kwalba za ta fito

Manyan masana'antun da suka yi kwalabe a Amurka da Ingila, irin su RCA da Mullard, sun daina tun a shekarun 1970 da 1980. Sana'ar ta rayu ne a ƙasashen gurguzu, inda ba a yi saurin watsar da tsohuwar fasaha ba, har ya zamana makaɗan rok na Amurka sun dogara ga wata masana'anta a birnin Saratov na Rasha, da kamfanin JJ Electronic na ƙasar Sulobakiya, da 'yan wasu a ƙasar Sin. Ragowar tsofaffin kwalaben da ba a taɓa amfani da su ba kuwa suka zama kayan gwanjo masu tsada. Raunin wannan tsari ya fito fili a shekarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke: labarin hana fitar da kaya ya bazu, masu saye suka yi wa kantuna wawa, farashi ya yi tsalle, makaɗa da yawa suka fara tunanin ranar da akwatinsu zai yi shiru don rashin kwalba guda.

A daidai wannan lokaci na'urorin kwamfuta masu kwaikwayon kwalba sun riga sun yi nisa. Kamfanin Line 6 ya fito da POD a 1998, Kemper ta Jamus kuma ta zo a 2011 da na'urar da ke sauraron amfilifaya ta kwafe halinta. A faifai, a cikin taron sauran kayan kiɗa, ƙwararru ma sukan kasa rarrabewa, kuma ƙungiyoyi da dama masu yawon duniya sun ajiye manyan akwatuna a gida. Abin da masu kwalba ke riƙe da shi yanzu ba abin da mai sauraro ke ji ba ne, abin da mai kaɗawa ke ji ne a yatsunsa sa'ad da yake tsaye gaban lasifika, da kuma cewa akwatin 1959 duk mai gyaran rediyo na kirki zai iya bin wayoyinsa ya tashe shi. A 2019 Fender da kanta ta fito da Deluxe Reverb marar kwalba ko ɗaya, kwamfuta ce a ciki, nauyinta wajen rabin na asali. An bar mata baƙar fuskar nan ta 1965, da jerin maɓallanta, da 'yar jar fitilar da ke gefe, sai dai in an kunna ta ba abin da ke yin garwashi a bayanta.